NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, MALAMAR MALAMAI

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi arewa zuwa Illela, garin nan na bakin iyaka da ke daura da Birnin Ƙonni, sai ya ratsa ƙasar Gwadabawa. A cikin wannan ƙasa Degel ta ke, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin jihadi. A nan aka haifi 'yarsa Nana Asma'u wajen shekarar 1793, ita da abokin tagwaicinta Hassan. Mutane da yawa sun san ta da waƙoƙi, amma abin da ya kamata malaman makaranta da masu horar da su su duba a tarihinta, shi ne dabarar da ta yi har ilmi ya kai inda ƙafarta ba ta taka ba.

Ta tashi a gidan da ba a ware mace wajen neman sani. Shehu da kansa ya sha sukar malaman da ke koyar da almajirai a zaure, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Saboda haka ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da sufanci, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har da harshen Buzaye. Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga wahalar yaƙi da yunwa da idonta. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya riƙe wazirci sa'ad da Bello ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817.

Da ƙura ta fara lafawa, sai wata matsala ta bayyana. Ƙauyuka sun cika da mata, waɗansu ma yaƙi ne ya kawo su, ba su san kome ba sai bori da al'adun da suka tashi a ciki. Ga shi matar aure ba ta da damar barin ɗakinta da 'ya'yanta ta tafi birni neman karatu, malama ɗaya kuwa, kome ƙoƙarinta, ba ta iya zaga ƙasa duka. In da Nana ta tsaya ga waɗanda ke iya zuwa gidanta kaɗai, da ilmin ya tsaya a birni, ya kuma bi ta kabari ran da ta rasu.

Sai ta shiga zaɓen dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa, ta koyar da su, ta naɗa kowace ta zama jaji, watau jagorar ayari. Ta kan ba jaji malfa da jan rawani don kowa ya san matsayinta. Malfar nan kuwa da ma an san ta a kan Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori. Nana ba ta yar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, sai ta ɗora ta a kan malama. Jaji ta kan taso daga garinsu da tsofaffi da 'yan mata waɗanda aure bai ɗaure su ba, su zo wurin Nana da 'yar sadakarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu, a raba wa mabukata. Su ɗauki karatu, su koma su shiga gida gida suna koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Su ne a ke kira 'yan taru.

Ba ta bar kowace jaji ta koyar da abin da ta ga dama ba. Ta tsara karatun cikin waƙa, don waƙa ba ta da wuyar haddacewa, kuma in an sauya kalma ma'auni ya kan tona. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeruwar waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ta juya waƙar Shehu, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa kuma ya juya waɗansu nata. Ta haka abin da aka ji a Sakkwato ko Wurno, shi za a ji a ƙauye mai nisa. Da ya ke jaji ta kan komo lokaci lokaci, in kuskure ya shiga sai a gyara tun bai yi saiwa ba.

Nana ta rasu wajen 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin, 'yan taru kuwa ba su watse ba har bayan zuwan Turawa a 1903. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, da taimakon Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda shi ma zuriyar Nana ne, ta fitar da tarihinta a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga rubuce-rubucenta wuri guda.

To, jama'a, yau muna da jami'a a Sakkwato tun 1975, ga kwalejojin horon malamai, ga littattafai da kayan aikin da Nana ba ta samu ba. Amma sau nawa malami ya kan gano hanya mai kyau ta koyarwa ya riƙe ta shi kaɗai, har ya bar aiki ba wanda ya gaje ta? Sau nawa kwaleji ta kan yaye ɗalibi, ba ta sake kiransa ta ji yadda ya ke yi a aji ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nana ta horar da masu horarwa, ta daidaita abin da a ke koyarwa, ta kuma bar ƙofa a buɗe don su riƙa komowa. Shugaban makarantar da ya kula da waɗannan ba zai yi asarar wahalar malamansa ba.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu ikon koyi da ita, amin.