Abubakar Gumi: alƙalin da Sudan ta sa hannu a karatunsa

A garuruwanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga Maiwurno zuwa Sinnar, idan aka ambaci Shehu Abubakar Mahmud Gumi yawanci Izala ce ke zuwa zuciyar mutane, sai gardama ta kaure. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa shi ne hanyar da ya bi har ya zama alƙali, domin kusan kowace kusurwa tata akwai hannun Sudan a ciki.

An haife shi a garin Gummi, cikin jihar Zamfara ta yau, a farkon shekarun 1920. Mahaifinsa alƙali ne, a wurinsa ya fara Alƙur'ani da fiƙihun Malikiyya. Daga nan sai makarantar Midil ta Sakkwato, sai Makarantar Shari'a ta Kano. Sarakunan Arewa ne suka kafa wannan makaranta a 1934 don horar da alƙalai da ma'aikatan kotu, malamanta na farko kuma daga Sudan aka ɗauko su, cikinsu har da Shehu Bashir Rayyah. Ke nan tun kafin Gumi ya taka ƙasar nan, ya riga ya zauna gaban malamanta.

A Kano ya kusanci Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jagoran Mahadiyya, har ya auri 'yarsa. Wannan ba baƙon labari ba ne a gare mu, tunda kakannin da yawa daga cikinmu irin wannan tsammani ne ya taso da su gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Daga baya Gumi ya rabu da Mahadiyya.

Da ya gama a 1947 ya ɗan yi aiki a kotun alƙalin Sakkwato, sannan ya koma koyarwa a Maru, inda ya zauna da Malam Aminu Kano. A can ne halinsa ya fara fitowa fili: ya ƙalubalanci limamin gari kan yin taimama alhali ga ruwa, maganar ta yi girma har ta kai fadar Sarkin Musulmi. Matashi ne fa a lokacin, ba sarauta, ba dukiya.

To, sai batun tallafin karatu. Ɗaliban Arewa masu Larabci Azhar suke buri, amma Turawan mulki ba su son su je Masar, suna tsoron su ɗebo siyasar Nasir da ta Ikhwan. Sai gwamnati ta zaɓi Bahtar Ruda, makarantar horar da malamai da ke kusa da Duwem a bakin Farin Nilu, wadda wani Bature, Griffiths, ya kafa a 1934. Nan aka turo Gumi a 1954 tare da wasu abokansa, cikinsu har da Halliru Binji. Mai biyan kuɗin karatu shi ke zaɓar ƙofar da za ka shiga, kuma Turawa sun ɗauka sun kauce wa fitina. A ganina lissafinsu bai fita ba, domin a Hajjin 1955 ya zama tafintan Sardauna Ahmadu Bello, a 1957 kuma aka tura shi Jidda jami'in alhazai. Alaƙarsa da malaman Saudiyya daga nan ta ƙullu, kuma ta sauya addini a Arewa fiye da yadda Azhar za ta iya.

Sudan ba ta ƙyale shi ba. A 1958 gwamnatin Arewa ta kafa kwamitin masana don gyara tsarin shari'a kafin 'yanci, shugabansa kuwa Babban Jojin Sudan ne, Muhammad Abu Rannat. Dokar hukunta laifuffuka da ta fito daga wannan aiki a kan ta Sudan aka gina ta, aka bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a al'amuran aure, gado, waƙafi da makamantansu. Alƙalin Alƙalai na farko ɗan Sudan ne, Shehu Awad, Gumi na mataimakinsa daga 1960, ya gaje shi a 1962. Wasu na raina wannan kotu wai an rage mata iko. Amma duk wanda ya ga yadda ake cinye gadon marayu ko a bar mace a rataye ba aure ba saki, ya san a nan talaka ya fi bukatar alƙali mai sani wanda ba a saye.

Sauran tarihin sananne ne: Jama'atu Nasril Islam a 1962, tafsirin Masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ke yaɗawa, littafinsa na aƙida na 1972 da ya soki ɗariƙu, da fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa. Sukar da ya yi wa Tijjaniyya da Ƙadiriyya ta raba gidaje, kuma ban ga laifin dattawanmu da har yau ba su huce ba. A 1987 aka ba shi lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba 1992, aka kai shi Kaduna aka binne. Allah Ya jiƙansa.