Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837) da Ilimin Maganin Ido

Galibin manazarta sun fi sanin Muhammadu Bello a matsayin jarumi, masanin tarihi, kuma wanda ya daidaita Daular Usmaniyya. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwarsa ta wata fuskar da ba a cika kulawa da ita ba, wato himmarsa a kan ilimin ɗibbu, musamman abin da ya shafi ido.

An haife shi a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da baffansa Abdullahi. Yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, sannan ya kafa birnin Sakkwato a 1809. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe masu binciken tarihin jihadi ke dogaro da shi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a. Shi ne ya tabbatar da Ibrahim Dabo a sarautar Kano a 1819, ta haka ƙasar Gaya da yankin da a yau ake kira Ajingi suka ci gaba da zama a inuwar mulkinsa.

Duk da nauyin mulki da yaƙe-yaƙe, alƙalaminsa bai bushe ba. Ya yi talifi a kan maganin basir da kuma amfanin filasko, ya keɓe wani littafi mai suna Masugul Lujaini ga maganin ido. Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya nemi a aiko masa da likita. A zuwansa na biyu ya kawo masa littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙilidisu, ya kuma tarar da shi yana nazarinsa. Wannan na nuna irin ƙishirwarsa ga ilimi, daga duk inda ya fito.

Domin a fahimci matsayin rubutunsa, wajibi ne a dubi asalin fannin. Ilimin ido na Larabci ya samo tushe daga Jalinusu, likitan da ya riƙa feɗe birai don sanin ƙirar jiki, ya biyo ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873. Binciken zamani ya tabbatar cewa tsokoki shida ne ke juya kowane ido, kuma jijiyoyi uku ne ke ba su umarni: ta uku da ta huɗu da ta shida daga cikin jijiyoyi goma sha biyu masu fitowa daga ƙwaƙwalwa. Cibiyoyinsu suna gindin ƙwaƙwalwa, inda wata hanyar saƙo ke haɗa su domin idanu biyu su juya tare. Da yawa daga cikin wannan bayani an samo shi ne ta gwaji a kan birai a ƙarni na ashirin. Idan jijiya ta shida ta sami rauni, ido ba ya iya juyawa waje, sai ya karkata wajen hanci, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu.

Bahaushe ma yana da nasa rabe-raben: yanar ido, hakiya, dundumi da harara-garke. A nan aikin masu nazarin Hausa yake. Ya kamata a gwada kalmomin littafin Bello da waɗanda ke bakin dattawan Gaya da Ajingi, a ga inda suka dace da inda suka saɓa, kafin takardu su zama abincin gara, masu sani kuma su ƙaura. Ba tare da wannan ba, fassarar ilimin likitanci zuwa Hausa za ta ci gaba da aron abin da muke da shi a gida.

A 1836 Bello ya yi nasara a yaƙin Gawakuke. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, aka binne shi a can, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Allah ya jiƙansa da rahama.