Li Shizhen, likitan ƙasar Sin da ya shekara 27 yana tace magungunan gargajiya

An haifi Li Shizhen a shekarar 1518 a Qizhou, cikin lardin Hubei na yanzu, zamanin daular Ming. Kakansa mai magani ne da ke yawo gari-gari, mahaifinsa Li Yanwen kuma likita ne sananne a yankinsu. A lokacin aikin likita ba shi da wata daraja, don haka uban ya so ɗansa ya zama ma'aikacin gwamnati. Yaron ya ci jarrabawar farko yana ɗan shekara 14, amma ta lardi sau uku yana faɗuwa. Daga nan ya haƙura, ya zauna koyon aiki a wurin mahaifinsa.

Ilimin da ya gada yana kallon jiki a matsayin abu guda mai haɗe da yanayi, abinci da halin zuciya. A fahimtarsu akwai wani ƙarfi mai zagaya jiki da suke kira qi, lafiya kuma ita ce daidaito tsakanin yin da yang, wato ɓangaren sanyi da natsuwa da ɓangaren zafi da motsi. Likita zai dubi fuska da harshe, ya saurari murya da numfashi, ya yi tambayoyi, sannan ya taɓa bugun jijiya a wuyan hannu. Li da kansa ya rubuta ɗan littafi da ya bayyana nau'in bugu 27. Saboda haka mutum biyu masu tari iri ɗaya za su iya tashi da magani daban. Binciken zamani bai gano qi a matsayin wani abu da ake aunawa ba, amma yi wa mara lafiya tambaya game da barcinsa, cinsa da damuwarsa aiki ne da kowane likita na ƙwarai yake yi har gobe.

Abin da ya dame shi shi ne littattafan magunguna na da cike suke da kurakurai. Tsiro ɗaya a ba shi suna biyu, tsiro biyu a haɗa su a suna ɗaya, mai guba a rubuta shi a cikin marasa guba. A 1552 ya fara aikin gyara. Ya karanta littattafai sama da 800, ya shiga duwatsu da ƙauyuka yana tambayar manoma, mafarauta da masunta. Ya ɗan yi aiki a cibiyar likitocin fada da ke Beijing, bai daɗe ba ya koma gida. Sai a 1578 ya kammala Bencao Gangmu, mai ɗauke da magunguna 1,892 da haɗe-haɗe sama da 11,000. Kowane magani ya faɗi sunayensa, inda ake samunsa, yadda ake sarrafa shi, ko mai zafi ne ko mai sanyi, da kuma ko yana da guba.

Ba ya karɓar magana don kawai ta tsufa. Da ya ji labarin yadda furen zaƙami ke juya hankali, ya gwada shi a kansa, ya kuma rubuta amfaninsa wajen gusar da zafi lokacin yanka ƙurji. (Kada kowa ya kwaikwayi wannan, zaƙami yana kisa.) Ya yi kakkausar suka ga masu shan zaiba da sunan maganin tsawon rai, alhali sarkin zamanin, Jiajing, ya tara masu haɗa irin wannan magani a fadarsa. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Duk da haka littafin nasa ma bai tsira ba: akwai camfe-camfe a ciki, da abubuwan da babu likitan da zai ba mutum a yau.

Ya rasu a 1593 bai ga littafin a buge ba. Ya fito a Nanjing a 1596.

Daga cikin tsirran da ya ambata don zazzaɓi akwai qinghao, dangin tazargade. A 1972 Tu Youyou da abokan aikinta, bayan sun samu haske daga wani rubutu na Ge Hong da ya girmi na Li da fiye da shekara 1,000, suka fitar da sinadarin artemisinin daga cikinsa. Daga shi ake haɗa magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu yanzu, da adadi sananne kuma a haɗe da wani maganin, abin da jiƙon ganye ba zai iya bayarwa ba.

Rikicin sunaye da ya yaƙa kuwa bai ƙare da shi ba. A farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam, an saka tsiron Aristolochia a maganin rage ƙiba a maimakon wani tsiron da sunansu na Sinanci ya yi kama. Mata sama da 100 suka samu mummunan ciwon ƙoda, wasunsu daga baya aka same su da cutar daji a mafitsara da hanyoyin fitsari.