Malam Aminu Kano da Yaɗuwar Jam'iyyun Siyasa a Arewa

An haifi Malam Aminu Kano a shekarar 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a gidan malamai masana shari'a. Ya yi karatu a makarantar Shahuci da Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, sannan ya koyar a Bauci, inda ya yi cuɗanya da Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimi. Bayan dawowarsa ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, har ya ajiye aiki a 1950.

Tsarin majalisa da Turawa suka kawo daga Ingila an gina shi ne bisa ɓangare biyu, gwamnati da 'yan adawa, kuma da farko kamar haka abin zai kasance a Kano. An kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. A zaɓen wannan shekara 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a Kano, amma zaɓe hawa-hawa, wanda 'yan En'e ke da rinjaye a ƙarshensa, ya hana su kujera ko ɗaya. A 1953 Malam ya zama shugaban NEPU.

Sai dai rigimar talakawa da masu sarauta, wadda ya ɗora siyasarsa a kai, ba ita kaɗai ce ta raba Arewa ba. Ƙananan ƙabilu sun taru a UMBC, Barno da Ilori kowacce ta fito da tata jam'iyyar. Duk wanda ke da jama'a a dunƙule wuri guda yana iya cin mazaɓarsa ba tare da ya shiga inuwar kowa ba, daga baya ya nemi ƙawance. Haka NEPU ta yi da NCNC, har Malam ya shiga majalisar tarayya a 1959. Kano ce ta fi nuna wannan a fili: da aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, masoyansa, waɗanda jiya-jiya suke gaba da 'yan Sawaba, suka ɓalle daga NPC suka kafa KPP, ta kuma haɗa kai da NEPU gabanin zaɓen 1964. Maƙiyi ɗaya ne ya haɗa su, ba aƙida ba.

Ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Gowon daga 1967 zuwa 1974. A 1978 ya kafa PRP, wadda ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, amma ba a jima ba ita ma ta dare gida biyu: 'yan Santsi suka bi Abubakar Rimi, 'yan Taɓo suka tsaya da Malam. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe, aka binne shi a gidansa na Mambayya da ke Gwammaja.