Muhammadu Alkatsinawi, Malamin Hisabi

Cikakken sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi. Bafulatanin ƙasar Katsina ne, ya rayu tun kafin jihadi, domin ya rasu shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ya yi karatu wurin manyan malamai, ciki har da Malam Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, ya ƙware a nahawu da ilimin taurari da hisabi. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga can ya zarce Masar ya zauna a Alƙahira.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne rubutun da ya yi da Larabci a 1732 kan hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai. Mu a nan mun fi sanin hatimi a allo ko cikin laya, to amma ƙashin bayansa lissafi ne tsantsa. A hatimi mai gida 9 ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Mai gida 25 kuwa 65 yake bayarwa. Wanda ya kalle shi sama-sama zai zaci watsa lambobin aka yi kara-zube, alhali kowace da dalilin zamanta a gidanta. Malam bai tsaya ga kawo misalai ba, sai da ya shimfiɗa ƙa'idar zubin: inda za a fara, da yawan gidajen da za a tsallake, da yadda za a kewayo in an kai baki. Nan ne malantarsa ta fito, don mai ƙa'ida a hannu ba ya bukatar hadda.

Wannan al'amari na tsari ɓoye cikin hargitsi yana nan da ransa a zamanin kwamfuta, sai dai an juya shi. Yau bankuna da kamfanonin waya suna bukatar lambobin da suka fito kamar an jefa ƙuri'a, don kulle asirin jama'a. Da yake kwamfuta ƙa'ida take bi wajen samar da su, akan yi fargabar wani mai wayo ya gano zubin, ya ci dukiyar mutane. Saboda haka aka ƙirƙiro manhajojin gwaji, irin su Diehard wadda George Marsaglia na Amurka ya fitar a 1995. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajenta ma jera lambobin take yi gida-gida, ta duba ko wani layi ya dogara da 'yan'uwansa. Abin da ke ƙawata hatimi shi ne aibi a wurinta.

A Alƙahira, Malam ya sauka gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya ɗauki ilimin hatimi daga gare shi. A wannan gida Allah ya yi masa rasuwa a 1741, ya kuma bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, shi ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya sanya labarin Bakatsinen cikin na malaman zamanin. Kwafin rubutun nasa na hatimi yana ajiye a ɗakin karatu na SOAS a birnin Landan.