John Howard, Mai Gyaran Kurkuku

An haifi John Howard a Ingila cikin 1726. Da aka naɗa shi wakilin shari'a na lardin Bedford a 1773, sai ya shiga kurkuku da kansa ya duba. Ya tarar yari ba shi da albashi, sai abin da ya tatsa daga fursunoni, har wanda alƙali ya sallama ba ya fita sai ya biya. Ya kai maganar Majalisa, cikin 1774 aka ɗora biyan nan a kan baitulmalin lardi. Ya zazzaga kurkukun Turai, ya rasu a Kherson cikin 1790, yana bakin aikinsa. Duk wanda aka ba amanar ɗaurarru, ya tuna gani ya kori ji.