Sarki Tanimun na Damagaram: dukiya da haƙƙin jama'a

Tanimun ɗan Sulaiman yana cikin sarakunan da Damagaram ba ta mancewa da su. Mahaifinsa ne ya mai da Zindar babban birnin ƙasar. Shi kuwa ya karɓi sarauta daga hannun ɗan'uwansa Ibrahim bayan doguwar jayayya, ya yi mulki wajen shekara 30, har rasuwarsa a shekarar 1884.

A zamaninsa Zindar ta zama babban zango tsakanin Tarabulus da Kano. Ayarin Abzinawa suna sauka unguwar Zango da gishirin Bilma. Fataken Larabawa suna kawo yadi da takarda da bindigogi, suna komawa da jemammun fatu da gashin jimina. Sarki ya tsare musu hanya, su kuma suna biyan kuɗin fito, shi kansa ma yana sa dukiyarsa cikin fatauci.

Wannan riba ba ta kwanta a taska ba. Tanimun ya ƙarfafa ganuwar Birni, domin talakawa su sami mafaka ranar yaƙi. Ya tara maƙera, aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin gari. Da wannan ƙarfi ne Damagaram ta daina jin tsoron Barno, wadda a da take kai wa gaisuwa. Masu sana'a da malamai suka yi ta zuwa, gari ya bunƙasa.

Amma tarihi ba ya rufa wa kowa asiri. Babban kaso na dukiyar nan daga bayi ya fito. Ana kai hari ƙauyuka, a kamo mutane, a sayar da wasu arewa, a sa wasu noma da gini. Ganuwar da ta tsare mutanen birni, da gumin waɗanda ba su da ta cewa aka ɗaga ta.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, sojojin Faransa suka ci Zindar. Yau ganuwa sai kufai.

Tun 2011 matatar mai ta SORAZ take aiki a arewacin Zindar, garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan sha. Ma'aunin da ake auna Tanimun da shi, shi ne na kamfanoni da attajiran yau: abin da suka mayar wa jama'a, da kuma hanyar da suka bi suka tara dukiyar.